"Ai yanzu ba ni da albashi": maganar da ke fitar da ƴaƴanmu daga aji

Akwai wata magana da ta yi kasuwa a garuruwanmu cikin ƴan shekarun nan, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Mace ce aka saka, tana riƙe da yara biyu ko uku a gidan iyayenta. Wata ya ƙare, ta aiki ƙanenta wajen uban yaran ya karɓo kuɗin ciyarwar da aka yanka, sai ɗan aike ya dawo hannu rabbana da amsa guda: "Ka ce mata ai yanzu ba ni da albashi." Shi ke nan, an rufe magana. Wata na biyu ma haka, na uku kuma salularsa ba ta shiga. Abin da nake son faɗa wa iyaye maza shi ne, wannan amsa ba hujja ba ce, ko a gaban alƙali, ko a gaban malam, ko a gaban Allah. Idan samun mutum ya ragu, abin da yake bayarwa na iya raguwa, amma haƙƙin yana nan a wuyansa. Wanda ya mai da rashin albashi takardar sallama daga ubantaka ya ci amanar ƴaƴansa, kuma duk wanda ya taya shi rufe maganar da "a yi haƙuri" yana da kaso a cikin laifin.

Ban ce babu wahala ba. Daga ƙarshen watan Yuli na 2023 har zuwa Fabrairu na 2024 ƙasar nan ta zauna cikin takunkumin CEDEAO, iyakar Benin kuma ta daɗe a rufe bayan haka. Kafin wannan, a ƙarshen Mayu na 2023, Najeriya ta cire tallafin man fetur, naira ta faɗi, masu ruwa-ruwa a Ƙonni da Maraɗi da masu kai dabbobi kudu suka ji a jikinsu. A farkon 2025 Amurka ta datse ayyukan USAID. Ayyukan ƙungiyoyi da dama sun rufe, direbobi da masu gadi da masu lissafi da jami'an da ke zagaya karkara suka wayi gari babu aiki. Wani ya sayi babur ya shiga kabu-kabu, wani ya kafa tebur a bakin titi, wani ya buɗe ƴar butiki ko wurin cajin waya, wani ya koma gona. Ko cikinmu malamai, akwai ƴan kwantiragi da suka gaji da jiran ƙarshen wata suka ajiye alli suka kama kasuwa. Mutumin da ya saba da jika 150 a wata, yau yana ƙidayar dala-dala da dare, ya cancanci a tausaya masa. Sai dai tausayin nan ba za a ɗebo shi daga kwanon yaro ɗan shekara shida a ba shi ba.

Mu duba dalilin da ya sa kalmar albashi ta zama garkuwa. Mai albashi ba ya iya ɓuya. Yana da takardar albashi, yana da wurin aiki da aka sani, kuma dokar OHADA, wadda Nijar take cikinta, ta tanadi hanya ta musamman da za a cire kuɗin ciyarwa kai tsaye daga albashin mutum idan hukunci ya hau kansa ya ƙi biya. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda muke yabo da riƙon amana, tsoron kada takarda ta isa ofis ne ya riƙe su. Ranar da mutum ya zama mai zaman kansa, wannan igiya ta tsinke. Babu wanda ya san cinikin mai tebur sai shi, babu wanda ya ƙidaya mutanen da ɗan kabu-kabu ya ɗauka daga safe zuwa magariba. A nan ake gane wanda yake ciyarwa don ya san ƴaƴansa ne, da wanda yake ciyarwa don an tsare shi.

Ƙasarmu kuma ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An yi yunƙuri a farkon shekarun 1990, an sake yi a 2011, duka biyun ba su kai ga zama doka ba. Mafi yawan shari'ar aure da saki da riƙon yara ana yin ta ne bisa al'adar masu shari'ar, alƙali yana zaune da masana al'ada suna ba shi shawara, kafin nan kuma akwai sulhun mai unguwa, da na sarki, da na malamai. To tunda al'ada da addini ne muka zaɓa su yi mana hukunci, sai mu tsaya mu ji abin da suka ce, kada mu riƙa ɗaukar wanda ya yi mana daɗi muna barin sauran.

Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, surar da ta yi magana a kan saki, ta ambaci mutum biyu: mai yalwa da wanda aka ƙuntata wa arziki. Dukansu an umurce su da ciyarwa, kowa gwargwadon abin da aka ba shi. Babu na ukun da aka ce ya naɗe hannu don aikinsa ya canza suna. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, ta ɗora wa uba ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, ƴa mace kuwa har ta yi aure ta tare. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wannan nauyi na uba ne, ba a ɗora shi a kan uwa ba. Kuma lokacin da Hindu, matar Abu Sufyan, ta kai ƙarar maƙon mijinta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce mata ta koma ta yi shiru ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta bisa adalci. Wanda ba shi da komai da gaske, wanda ciwo ya kwantar ko ya rasa na sawa a bakin salati, addini bai ɗora masa abin da ba ya iyawa ba. Amma mutumin da yake fita da babur kullum, ya zuba mai, ya ci abinci, ya dawo da canji a aljihu, ba ya cikin wannan sahu. A zamanin da aka saukar da hukuncin ma, ai babu mai jiran ƙarshen wata. Ƴan kasuwa ne da makiyaya da manoma, wato masu zaman kansu.

Za a ce mini, mushe, kai mai albashi ne, ba ka san kasuwa ba: kuɗin da ke hannun ɗan kasuwa ba nasa ba ne, jari ne, in ya ci jari gobe babu shi babu yaran. Wannan magana gaskiya ce, kuma iyaye mata da danginsu ya kamata su ji ta da kyau. Buhunan da kika gani jere a butikinsa, watakila rabinsu bashi ne. Ciniki daban, riba daban. Amma gaskiyar nan tana da kaifi biyu. In dai mutum ya san bambancin jari da riba, to ya san ribarsa, kuma wanda ya san ribarsa yana iya faɗinta. Ya sayi kaye na dala arba'in, irin wanda muke sa ƴan aji uku su saya, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita na wata biyu, ya kai gaban wanda ya yi musu sulhu. Wanda ya ƙi yin wannan, ya tsaya a kan "kasuwa babu" shekara guda cur, ba jari yake karewa ba, asirinsa yake rufewa.

Unguwa kuwa ba makauniya ba ce. Mutumin da ya ce ba shi da dala ɗari ta kokon yara, ana ganinsa a fada kowane dare yana sayen sukari da ganyen shayi da taba. Ana ganin salularsa ba ta rabuwa da intanet. Mafi ciwo, ana jin an ɗaura masa aure wata shida bayan sakin, an kai akwatuna, an yi kiɗa. Ba na hana kowa aure, halal ne. Amma wanda ya sami kuɗin sadaki da na lefe ya rasa na sabulu da maganin zazzaɓin ƴaƴan da ya riga ya haifa, to ya daina cewa samu ne ya gagara. Ya faɗi gaskiya cewa fushin da yake yi da uwarsu ne yake hucewa a kansu. Mata da yawa ana horonsu da yunwar ƴaƴansu don sun nemi saki ko don iyayensu sun tsaya musu, kuma kowa a unguwar ya sani.

Mu malamai mu ne muke karɓar sakamakon, don aji shi ne wurin da talaucin gida yake fara bayyana. A watan Oktoba, lokacin komawa makaranta, yaron da ubansa ya janye hannu shi ne wanda ke zuwa babu kaye babu bik, ya yi mako uku yana aron takarda. Shi ne wanda ke zama a inuwa lokacin shan iska yana kallon masu sayen ƙosai. Zazzaɓin damina ya kama shi, ya shige shekara biyar, kulawar kyauta da gwamnati ta tanada wa ƙananan yara tun 2006 ba ta shafe shi ba, uwa ba ta da kuɗin magani, sai ya yi kwana goma a kwance, ya dawo an wuce shi. Yarinya kuwa hanyarta sananniya ce. Uwa ta kama sana'ar tuyar awara ko dafa wake don ta cike gurbin da uba ya bari, kuma sana'ar cikin gida ba ta tafiya sai da mai talla. Da farko tallar yamma ce, daga baya ta safe, daga nan kujerarta ta zama wofi. In ta kai shekara 14, kakanta na wajen uwa, wanda ya gaji da ciyar da jikokin wani, ya karɓi goron farko da aka kawo. Muna cikin ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Gwamnati ta fitar da doka a Disamba 2017 don kare karatun ƴa mace, amma takarda ba ta riƙe yarinya a aji idan tukunyar gidansu ta dogara da farantin da ke kanta.

Sai kuma makami na biyu. Idan uwa ta matsa, sai a ce mata, "In ba ki iya ba, ki ba ni ƴaƴana." An fake da al'adar nan ta cewa yaro in ya kai shekara bakwai ubansa ke ɗaukarsa. Mu tambayi mai wannan barazana: kai da ka ce ba ka da abin ciyar da su a can, da me za ka ciyar da su a nan? Amsar mun san ta. Za a kai su ƙauye wajen tsohuwa, ko a jibge wa amarya wadda ba ta nema ba, ko a miƙa namijin ga wani malami ya tafi da shi gabas. An raba yaro da uwarsa, an raba shi da makarantarsa a tsakiyar shekara, don kawai a huta da ɗan aike. Risalar nan da muke ji da ita ta bar riƙon yaro a hannun uwa bayan saki har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta, in uwar ta yi wani aure riƙon ya koma wajen kakar yaran ta wajen uwa. Abin mamaki, mutumin da ke kafa hujja da littafi idan ana maganar ikonsa na saki, shi ne ke komawa ga al'ada idan an zo maganar riƙo.

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, don ba a gyara ɗaki ta gefe guda. Uwar yara, da ke da ƴan'uwanki, idan an yanka jika 30 lokacin da mutumin nan yake karɓar jika 150, yau kuma kowa ya shaida aikin ya rufe, riƙe wa jika 30 ba zai sa ta fito ba. Abin da zai faru shi ne bashi ya taru, wata shida jika 180, mutum ya ga dutsen da ba ya iya hawa, kunya ta hana shi biyowa ta ƙofar gidanku, wata rana a ji ya bi motar Agadas ko ya tafi Abijan, babu sallama babu adireshi. Kin rasa talatin ɗin, kin rasa goman da zai iya, yaran sun rasa ganin ubansu. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Masu sulhu su ma suna da nasu laifin. Ana yanka adadi sau ɗaya, a yi fatiha, a watse, kamar rayuwar mutum za ta tsaya a inda aka bar ta. Yaro yana girma, kuɗin hatsi yana hawa yana sauka, aiki yana zuwa yana tafiya, amma ba a sa ranar da za a sake zama ba.

To me ya kamata uban da samunsa ya ragu ya yi? Abu na farko, ya riga ɗan aike. Makon da aiki ya tsaya, shi zai taka da ƙafarsa zuwa inda aka yanka kuɗin. In a gaban mai unguwa ne ko liman, ya koma can. In hukuncin kotu ne, ya sani ba shi da ikon rage shi da bakinsa, hukuncin yana nan daram har sai alƙali ya sake dubawa, kuma alƙali yana iya sake dubawa idan hali ya canza. Ya tafi da takardar da ta nuna aikin ya ƙare, da kayen lissafinsa. Mutumin da ya kawo kansa da wanda aka jawo, ba kallo ɗaya ake yi musu ba.

Na biyu, a daina auna mai samun yini da ma'aunin wata. Mu ɗauki misali. Wancan mai jika 150 yana ba da jika 30, wato kashi ɗaya cikin biyar. Yau yana kabu-kabu, bayan mai da gyara yana tsira da jika 2 da rabi a yini. Kwana 26 na aiki sun ba shi jika 65. Kashi ɗaya cikin biyar na wannan jika 13 ne. In ka ce masa ya kawo jika 13 a ƙarshen wata, ba za ka same ta ba, don kuɗin yini ba ya kwana. Amma jika 13 ɗin nan dala ɗari ce kowace ranar aiki. Ya cire ta da dare kafin ya zauna a fada, ya jefa a asusu, ranar Juma'a ya aika jika 3. Mai cin kasuwar mako ya ɗaura biyansa a ranar kasuwarsa, Litinin da Juma'a a Maraɗi, Alhamis a Damagaram, Lahadi a Tawa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, matan karkara suna tara ƴan daloli mako-mako har suka zama abin koyi a ƙasashe da yawa. Abin da mace mai dakau ta iya, namiji mai babur ba zai ce ya gagare shi ba.

Na uku, ba dole sai tsabar kuɗi ba. Wanda ya koma gona ya auna hatsi da kaka, lokacin da tiya take da araha, ya kai buhu ko damma gidan da yaran suke, ya ɗauke musu tsadar bazara da damina. Mai butiki ya ware shinkafa da mai da sabulu kowane mako. Mai noman albasa ya yi alkawarin babban kaso lokacin da ya sayar. Wanda zuciyarsa ke raya masa cewa uwar ce ke cinye kuɗin, to ya sayi kayan makaranta da hannunsa, ya biya kuɗin kwamitin makaranta da kansa, ya ɗauki nauyin magani da ɗinkin salla. Sai dai ya tuna, kaye ba ya maganin yunwa, dole wani abu ya shiga tukunya.

Na huɗu, a rubuta. Takarda guda, shaidu biyu, kowa da kwafinsa: ga mafi ƙarancin abin da ba za a sauka ƙasa da shi ba ko kasuwa ta yi yaya, ga ƙarin da zai biyo baya in ta buɗe, ga yadda za a biya tsohon bashi kaɗan-kaɗan, ga ranar sake zama, misali bayan kaka da kuma kafin azumi. Kuɗin kuma a aika ta Nita ko Amana ko Airtel Money, a adana rasit. Rasit yana kare uba daga "bai taɓa ba mu komai ba", yana kare uwa daga "ai kullum ina bayarwa". Kuma a fitar da yara daga aikin ɗan aike. Babu abin da ke karya zuciyar yaro kamar a tura shi ya tsaya a bakin teburin ubansa yana jiran a sallame shi kamar almajiri, abokan uban suna kallo.

Mu malamai ba alƙalai ba ne, kuma ba aikinmu ba ne shiga tsakanin mutum da tsohuwar matarsa. Amma muna da abin yi. Mu daina korar yaro gida saboda kuɗin da mun san ba a hannunsa matsalar take ba. A rajistarmu mu rubuta lambar uba da ta uwa, idan an kira taron iyaye a kira su duka, sakamakon jarrabawa ya isa hannun uban ko da ba a gidansa yaron yake kwana ba. Uba da yawa sun manta da ɗansu ne don babu abin da ke tuna musu shi. Kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye mata sun san gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, suna iya kai magana wajen mai unguwa tun kafin kujera ta zama wofi. Limamai kuma, da suke yi mana wa'azin haƙurin mata kowace Juma'a, muna roƙon su ware huɗuba guda a shekara, a watan Satumba kafin a koma aji, su karanta wa maza babin ciyarwa.

Kai kuma ɗan'uwana da aiki ya kuɓuce maka, babu wanda ya ce ka yi sata ko ka sayar da baburin da kake ci da shi. An ce ka faɗi gaskiyar abin da kake samu, ka ware wa yaran rabonsu a ciki kafin shayi, kafin kati, kafin lefe, ka kai shi a kan lokaci ko da dala ɗari ce. Yara suna girma, kuma suna riƙe lissafi fiye da kowane kaye. Ba za su tambaye ka nawa ne albashinka a shekarar da aiki ya rufe ba, za su tuna ko ka zo ko ba ka zo ba. Allah ya buɗa wa kowa, ya ba mu ikon sauke nauyin da muka ɗauko da kanmu.